Kit na kwali, yanka-da-haɗi ko rezin: wanne za ka bi in kana son ƙera ƙaramar modifayid irin ta da?

In dai ka ƙuduri niyyar haɗa ƙaramin samfurin motar tseren nan ta Amurka da ake ce wa modifayid, irin ta da can wadda ake zagaye ƙananan filaye da ita daren Juma'a da na Asabar, toh hanya uku ce a gabanka. Ko ka sayi kit ɗinta a kwali, wato ƴan sassan roba da kamfani ya riga ya fitar, ka bi takarda ka haɗa, ko ka samo kit ɗin motar gida ta shekarun 1930 ka yayyanka ta ka gina mata casis, wato ƙashin da bodi da inji suke zama a kai, da hannunka, ko kuma ka bi ta rezin, wani ruwan roba mai daskarewa, wato bodi da ƙananan kayan da masu sana'ar hannu suke zubawa a mazubi ko su buga da firintar 3D. Ni dai ina da wadda nake cewa mutum ya fara da ita, amma sai ka san wace irin mota ce wannan tukuna, sabida ƙirarta ce take raba gardamar ba abin da ke aljihunka kaɗai ba.

Asalinta tsohuwar motar gida ce aka tuɓe. Bayan yaƙin duniya na biyu sabuwar mota ta yi wuya a Amurka, sai samari suka koma wa tsofaffin Ford da Chevrolet na kafin yaƙi, a cire kujeru a cire gilasai a ƙara wa inji ƙarfi a shiga fili. Tseren farko ma da NASCAR, ƙungiyar shirya tseren motoci ta Amurka, ta shirya, ranar 15 ga Fabrairu 1948 a Daytona, na modifayid ne, Red Byron ya cinye shi da Ford. Da tafiya ta yi tafiya sai aka riƙa datse madigadi har aka zo aka cire su kwata-kwata, aka tsuke bodi aka ja shi baya, aka sa tayoyi masu faɗin gaske, aka kewaye gefe da ƙarafa don kar taya ta hau taya. Filayen ƙanana ne sosai fa, Bowman Gray da ke Winston-Salem kwatan mil ne, Stafford a jihar Connecticut rabin mil, Islip kuwa da ke Long Island ɗaya bisa biyar na mil ne kafin a rufe shi, kuma hagu kawai ake sha kwana tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa ake tura nauyi ɓangaren hagu kuma tayar dama ta baya takan ɗara ta hagu girma.

Abin da ya shafe ka a matsayin mai haɗi shi ne, a wannan motar ba abin da yake ɓuya. Motar gida in ka haɗa ta, ka rufe bonet shi ke nan kowane kuskure ya shige ciki. Modifayid kam inji a waje, salansa a waje, lagireto da shokoba da sandunan sitiyari duk ido na kansu, ta taga kuma ana hango kejin ƙarfen da ya kewaye direba. Bodin ma ɗan mayafi ne kawai a kan ƙarafa. Don haka tambayar da za ka yi wa kowace hanya cikin ukun ita ce, wa zai ba ni casis, kuma wa zai ba ni tayoyin da suka dace? Sauran duk mai sauƙi ne.

Sannan ka tsai da zamani tun kafin ka kashe ko sisi. Akwai zamanin kufe, ƴan motocin nan masu ƙofa biyu da doron baya, Chevrolet ta 1936 da 1937, Ford ta 1937 zuwa 1940, su suka riƙe filaye har ƙarshen shekarun 1960. Daga 1971 sai bodin sababbin ƙananan motoci ya fara shigowa, Pinto da Vega da Gremlin, cikin ƴan shekaru kufe ta zama tarihi. Mota lamba 61 mai launin ruwan lemo ta Richie Evans, mutumin garin Rome a jihar New York wanda ya ci kambun NASCAR na modifayid sau 9, takwas daga ciki a jere daga 1978 zuwa 1985, ita ce hoton da yake zuwa wa yawancin mutane a rai in an ce zamanin Pinto, daga baya ya koma bodin Chevrolet Cavalier, kuma a filin Martinsville ya rasu a watan Oktoban 1985 lokacin gwaji. Akwai kuma bambancin kwalta da ƙasa. Ta kwalta a kwance take dab da ƙasa da tayoyi sumul, ta filin ƙasa tana da ɗan tsayi, tayoyinta da tsaga-tsaga, gabanta raga ce ta waya maimakon gilashi sabida laka da tsakuwa.

Toh mu fara da kit na kwali. Kamfanin MPC yana da Rat Trap Vega da Ridge Runner Pinto, AMT kuma yana da masu bodin Gremlin da Plymouth ta 1936, duk a sikelin 1/25, wato kowane abu an rage shi sau 25. Mazuban tun na shekarun 1970 ne, kamfanin Round 2 da yake riƙe da sunayen biyu yanzu shi yake sake fito da su lokaci-lokaci. Daɗin abin shi ne komai na ciki, casis da keji da inji da tayoyi da sitika, kuma kusan duk roba ɗaya ce irin wadda gam ɗin Tamiya Extra Thin yake narkarwa ya haɗe su su zama abu guda. Reza mai kaifi, ɗan fayil, samfefa, fenti, ka gama shiri. Wanda bai taɓa ganin yadda ƙarafan modifayid suke haɗuwa ba, a nan zai koya, don yana liƙawa yana gane cewa oh ashe wannan sandar ce take riƙe aksil ɗin baya, ashe nan ne tankin mai yake zama. Wannan karatun ba ƙaramin abu ba ne wallahi, kuma babu wata hanya cikin sauran biyun da za ta ba ka shi da arha haka.

Amma tsohon mazubi tsoho ne. Za ka tarar da ɓarɓashin roba a gefen kusan kowane yanki, ga layin mazubi ya bi kowace sandar keji daga sama har ƙasa wanda sai ka zauna ka kankare shi da bayan reza ɗaya bayan ɗaya, in ka yi gaggawa ka bar shi fenti zai ƙara fito da shi ne. Ramukan da aka tanada don sanduna ba kullum suke dacewa ba, wani lokacin ka haɗa keji tsaf ka zo ɗora bodi ya ƙi zama. Maganinsa ka gwada komai a bushe da ɗan salatif kafin gam ya taɓa ko'ina. Babban abin da yake damun masu son gaskiyar tarihi kuma shi ne casis ɗin na kowa da kowa ne, ba na wata takamaimiyar mota ba, kamfani yakan yi casis ɗaya ya riƙa sauya masa bodi. In mota mai kama da modifayid kake so ka ajiye a kanta, ya wadatar. In kuwa motar wani direba ta wata shekara kake bi, za ka ga wurin zaman inji ko tsayin mota ko tayoyin ba su yi daidai da hoto ba.

Ka kula da wani abu wajen saye. AMT yana da jerin kit da aka rubuta wa Modified Stocker a kwali, irin su Fairlane ta 1965 da Skylark ta 1966 da Galaxie ta 1964. Su ma motocin ƙananan filaye ne kuma suna da kyau, sai dai masu cikakken bodi ne da aka faɗaɗa wa ramin taya, ba masu taya a fili da muke magana ba. Ka dubi hoton kwalin da kyau kafin ka tura kuɗi, kaya ne da yake tsallako teku, mayar da shi ba wasa ba ne.

Hanya ta biyu, yanka-da-haɗi, ita ce nake ƙauna a raina, sabida yadda ka yi a tebur haka masu motocin suka yi a gareji. Ka samo kit ɗin Chevrolet ta 1937 ko Ford ta 1936 na AMT, ko Ford ta 1940 ta Revell, ka ɗau ɗan zarto mai siririn haƙori ka cire madigadi, ka faɗaɗa tagogi, ka goge hannun ƙofa da ado, in motar da kake bi tsukakka ce ka tsaga bodin a tsakiya ka cire ɗan siririn yanki ka mayar ka toshe da bodi fila. Wannan duk ba shi ne wahalar ba. Wahalar casis ce da keji, su za ka gina daga sandunan roba na kamfanin Evergreen ko Plastruct. Lissafin ba wuya: bututun keji mai kaurin inci ɗaya da kwata uku, wato kusan milimita 44, in ka raba da 25 zai ba ka kusan milimita 1.8, don haka sanda mai milimita 1.6 ko 2 ita ce kusa. Ni na fi son 1.6, don fenti yana ƙara kauri, kuma keji mai kauri da yawa yana sa mota ta yi kama da kayan wasan yara.

Ga yadda baka ɗaya ta keji, wato sandar da aka lanƙwasa kamar baka, take fita. Ka zana siffarta a takarda daidai da cikin bodin, ka liƙa takardar a ɗan katako, ka kafa ƙananan ƙusoshi a wuraren lanƙwasa, ka ɗumama sandar a ruwan zafi ko nesa kaɗan da kyandir, ka bi ƙusoshin a hankali ka riƙe har ta huce. In ta kusanci wuta da yawa nan take za ta yi laushi ta tsinke ko ta kumbura, in ba ta ji zafi ba kuma wurin lanƙwasar zai yi fari ya karye. Kowace sandar da za ta haɗu da wata sai ka ɗan ƙwaƙule bakinta da fayil mai zagaye ta rungumi ƴar uwarta, sannan ɗigon gam. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya ya yi mota yana yaro, hannunsa ya riga ya san rabin aikin nan, awo ne kawai ya ƙaru. Abin da ba ya yafiya shi ne daidaito, dole ka gina casis a kan abu shimfiɗaɗɗe sumul kamar gilashi ko tayil, ka ja layin tsakiya da layin aksil gaba da baya, in ba haka ba ka gama wahala ka ajiye mota ka ga taya uku ne a ƙasa ɗaya na lilo.

Zamanin kufe yana ɗan sauƙaƙa maka a nan. Motocin farko-farko a kan casis ɗinsu na kamfani suke da sifirin kwance irin na tsohuwar Ford, don haka casis ɗin da ya zo a kit zai yi, keji kawai za ka ƙara da ƙarafan gefe. A shekarun 1960 da yawa sun koma ɗora kufe a kan casis ɗin Chevrolet na 1955 zuwa 1957 da babban inji V8, shi ma ana samun sa a kit ɗin waɗancan motocin sai dai a datse. Sai an zo zamanin casis na bututu zalla, irin wanda su Maynard Troyer suka shahara da ƙerawa, sannan ginin daga tushe yake zama dole. Salansa kuwa da wayar dalma mai kaurin milimita 2 ake yin ta, tana lanƙwasuwa da yatsa ta tsaya inda ka bar ta, wayar fulogi kuma ka fasa tsohuwar iyafis ka zaro siririyar da ke ciki.

Illar wannan hanyar a fili take, tana cin lokaci, watanni ba makonni ba, kuma sau da yawa kit ɗaya ba ya isa, bodi daga nan inji daga can aksil daga wani, ga sanduna, kafin ka ankara kuɗin ya wuce na kit biyu. Ga kuma maganar sikeli, yawancin kit ɗin kamfanin Monogram 1/24 ne, na AMT da MPC 1/25, bambancin kusan kashi 4 cikin 100. A inji ko giyabos ido ba ya kamawa, amma a bodi da bonet in ka haɗa na wannan da na wancan sai ka ga baki bai haɗu ba. Kuma da yawa daga motocin da ake farawa a watsar a kwali rabi da rabi, daga wannan hanyar suke, mutum ya fara da zumuɗi ya kai keji ya gaji.

Rezin kuma wata duniya ce. Abin da manyan kamfanoni ba su damu su yi ba, ƙananan masu sana'a a Amurka sun yi, bodin kufe da aka riga aka yanke aka tsuke, Cavalier, aksil ɗin baya mai murfin sauya giya nan take, bututan shan iska na kamfanin Hilborn a tsaye a kan inji, da uwa uba wili da taya. Wilin modifayid na da yana da noti biyar a warwatse nesa da juna, gadon Ford na 1936 zuwa 1939, kuma duk wanda ya san motocin nan wurin yake fara kallo. Tayar kwalta mai faɗin inci 15 a sikelinmu kusan milimita 15 ce, ka ga kenan tayar motar gida da ke cikin kit ɗin kufe ba za ta taɓa yi ba. A wannan fannin rezin ba shi da abokin gasa gaskiya.

Sai dai halinsa daban ne da roba. Gam ɗin Tamiya ba ya kama shi ko kaɗan, sufa gulu ne ko efoksi, sufa gulu kuma ba ya ba ka damar gyara, ya kama ya kama. Dole ka wanke kayan da ruwan sabulu kafin fenti sabida maiƙon mazubi, in ba haka ba fentin zai riƙa gudu yana barin ido-ido. Ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu, ka goge shi a jiƙe ka sa takunkumi. Wanda aka zuba a mazubi yakan zo da ƴan ramukan iska da za ka toshe, yakan kuma zo a karkace, musamman in ya sha zafi a hanya ko ya kwana a mota cikin rana, ruwan zafi yana miƙar da shi amma sai da lallashi. Wanda aka buga da firinta ya fi tsaf, sai dai siraran sassa kamar sandunan sitiyari suna karyewa da ɗan taɓi, ga ƴan ƙafafun da suka tallafe shi wajen bugu da za ka cire ɗaya-ɗaya ba tare da ka ɓalle abin kirki ba. Kuma bodin rezin bodi ne kawai fa, ba takardar bayani ba casis, yawanci an yi shi ne don ya hau casis ɗin wani kit, ka tambayi mai sayarwa wanne ne tun kafin ka biya.

Masu tunanin sayen firintar su riƙa buga wa kansu, akwai hikima a ciki, don zanen da firinta take bi ta intanet yake zuwa ba kuɗin jirgi ba jiran wata guda. Amma mai amfani da ruwan rezin ce take yi, wadda take fitar da shimfiɗa kamar milimita 0.05, irin mai narkar da zaren roba tana barin layi-layi da ba zai goge ba a abu ƙanƙani haka. Bugu ɗaya awanni yake ɗauka, in aka ɗauke wuta a tsakiya an yi asarar ruwan da lokacin, don haka in ba ka da inbata ko sola mai ƙarfi ka ajiye wannan tunanin tukuna. Bayan bugu ma akwai wanki da sifirit da busarwa a hasken UV, ga wari, ba aikin ɗakin da yara suke kwana ba ne.

Fenti da lamba duk hanyoyin uku sun haɗu a kai, sai dai kit ya ɗan fi sauƙi tunda da sitikarsa yake zuwa, ko da yake galibi ba ta wani sanannen direba ba ce. Fentin feshi na mota yana cin roba ya yamutsa ta in ba ka fara shimfiɗa firaima ba, ka gwada a cokalin roba tukuna. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, kana gama fesawa ka kife robar abinci mai tsabta a kai, da damina kuma laima tana sa fenti ya yi hazo, ka jira rana ta buɗe. Firintar ofis ba ta buga fari, don haka lamba fara a kan bodi mai duhu sai dai ka sayi sitikar da aka yi musamman ko ka yanka salatif ka fesa. Kufe ta fi yafiya a nan, don na ainihin ma da buroshi aka rubuta musu lamba da sunan garejin da ya ɗau nauyi, in hannunka ya ɗan karkace bai ɓata komai ba. Kar kuma ka sa mata sheƙi kamar motar ango, musamman ta filin ƙasa, ɗan garin alli mai ruwan ƙasa a gefen dama da gaban lagireto ya fi kowane sheƙi faɗin gaskiya.

In ni za ka tambaya, motarka ta farko ta zama kit, Pinto ko Vega ko Gremlin duk wadda ka samu, amma ka haɗa odar da saitin wili da taya na rezin a lokaci ɗaya don kuɗin aike ya zama ɗaya. Ka kankare layukan, ka gyara zamanta ta kwanta yadda hoto ya nuna, ka sa wayar fulogi, za ka sha mamakin yadda tayoyi huɗu kaɗai suke canza mota. In zuciyarka na wajen kufe, ta biyu sai ka yi rabi da rabi, casis ɗin kit ɗin modifayid a ƙasa, bodin Chevrolet ta 1937 da ka yanka da kanka a sama, ka koyi zarto da bodi fila ba tare da ka ɗora wa kanka ginin casis ba. Gini daga tushe da sanduna ka bar shi sai ranar da wata mota guda ta hana ka barci kuma ka tara hotunanta ta gaba da baya da gefe biyu, har da wanda aka cire bonet. Wanda kuma ya riga ya saba da aikin hannu mai laushi, mai gyaran waya ne ko agogo, zai iya tsallake matakin farko ya faɗa rabi da rabin kai tsaye, sai dai ya sayi sandunan 1.6 fakiti biyu ba ɗaya ba, don bakar keji ta farko da ta biyu a wuta suke ƙarewa.